Neman kalma: me za mu kira saving throw?

Mai Tattara Kalmomi: Jama'a, salamu alaikum. Mun riga mun tsayar da sunayen Hausa na halaye shida na jarumi a wasan tebur na Dungeons & Dragons: Ƙarfi, Zafin nama, Juriya, Ƙwaƙwalwa, Basira, Kwarjini. Saura wadda ta fi su taurin kai, wato saving throw. Ga waɗanda ba su daɗe da shigowa ba, wannan ita ce dayis mai fuska 20 da kake jefawa idan wani abu ya faɗo maka, kamar guba ko tarko ko sihiri, don a ga ko za ka sha. Shawarwarin da ke ƙasa guda huɗu ne: jifan tsira, jifan kariya, jifan kuɓuta, jifan ceto. Bismillah.

Alƙalin Tebur: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu zaɓa, a fara duba wanda ke riƙe da dayis, domin nan ne sababbi suka fi rikicewa. Idan aka kai maka sara da takobi, mai saran ne ke jefa dayis, kai kana zaune, lambar sulkenka ce ke tare maka. Idan kuma aka watso maka ƙwallon wuta na sihiri, mai sihirin ba ya jefa dayis ta 20 ko kaɗan. Lamba yake da ita a rubuce, kai ne za ka jefa ka nemi ka kai ta. Saboda haka "kariya" ta fita tun yanzu. Ita muka ba lambar sulke, kuma idan kalma ɗaya ta hau kan abubuwan nan biyu, mai wasa zai riƙa ƙara lambar garkuwarsa a inda ba ta da hurumi. "Ceto" ma ba ta zauna ba, don wani ne ke cetonka, nan kuwa kai ne da kanka.

'Yar Gidan Nahawu: Ni matsalata ba ta rabin baya ba ce, ta rabin gaba ce. A Hausa idan aka ce "an yi masa jifa", kowa ya san ba dutse ake nufi ba, asiri aka tura masa. To wasan nan rabinsa sihiri ne. Ka ce wa mutum "matsafi ya yi maka jifa, yi jifan tsira", ka ga jifa biyu a jimla ɗaya, ɗaya na mai cutarwa, ɗaya na wanda ake cuta. Gara mu bar wa matsafa jifansu, kalmar ta dace da su ƙwarai, mu nemo wata don dayis.

Alƙalin Tebur: Wallahi Malama kin kamo abin da ya wuce ni. To ko "kaɗawa", kamar yadda ake kaɗa ƙuri'a?

'Yar Gidan Nahawu: A matsayin aiki tana tafiya, ranka ya daɗe: "kaɗa dayis". A matsayin suna ne take tuntuɓe. "Kaɗin tsira" sai ka ji kamar auduga ake kaɗi. Ni "gwaji" nake gani. Littafin dokokin da aka sabunta a 2024 ma ya tara abubuwa uku ƙarƙashin suna guda, duk gwaje-gwaje ne na dayis mai fuska 20: na hari, na iyawa, da wannan da muke magana. Sai mu samu gwajin hari, gwajin iyawa, gwajin tsira. Uwa ɗaya, 'ya'ya uku.

Magini: Ina tare da "gwaji", amma "tsira" tana ba ni tsoro, bari in nuna da lissafi. A ɗauki matsafi a mataki na 5 na girman jarumi, Ƙwaƙwalwarsa 18. Ƙarin da 18 ke bayarwa 4 ne (a cire 10, a raba biyu, a zubar da ɓurɓushi). Ƙarin ƙwarewa a mataki na 5 kuma 3 ne. Shingen sihirinsa, lambar da sai dayis ɗinka da ƙarinka sun kai ta, shi ne 8 da 3 da 4, wato 15. Ya saki ƙwallon wuta, dayis takwas masu fuska shida, matsakaicin ɓarna 28.

Mayaƙi mai Zafin nama 12 yana da ƙarin 1 kacal, kuma sana'arsa ba ta ba shi ƙwarewa a wannan gwaji ba, don haka sai ya samu 14 ko sama da haka. Fuska 7 ke nan cikin 20, kashi 35 cikin ɗari. Ɗan sanɗa (jarumin da sana'arsa laɓe da sanɗa ce, yana kuma da ƙwarewa a nan) mai Zafin nama 18 yana da 4 da 3, wato 7, yana buƙatar 8 kawai, kashi 65 cikin ɗari.

To a ce mayaƙin ya yi sa'a ya samu 14. Bai tsira ba fa. Rabin ɓarnar zai sha, maki 14 daga makin ransa. Idan saura 12 gare shi, ya ci gwaji kuma ya faɗi ƙasa sumamme. Yaya za ka ce wa wannan "ka tsira"? Sai a mataki na 7 ne ɗan sanɗa ke samun baiwar gocewa, wadda in ya ci gwajin ba abin da zai taɓa shi, in ya faɗi ya sha rabi. Idan muka koya wa mutane cewa cin gwaji daidai yake da tsira, mun ba kowa baiwar ɗan sanɗa kyauta.

Alƙalin Tebur: Gaskiya ne, amma ai kalmar Turancin ma wannan cutar ce da ita, kuma tun 1974 da wasan ya fito ake tafiya da ita a haka. Suna yana faɗin abin da kake nema ne, bai yi maka alkawarin samu ba. Mai neman tsira na iya tashi da rabin tsira.

'Yar Gidan Nahawu: Maganin damuwar Magini yana cikin yadda za a faɗi sakamako. Kada mai gudanar da wasan ya ce "ka tsira". Ya ce "ka haye" ko "ka faɗi", tunda shinge muke kiran lambar. Daga nan sai ya karanta abin da sihirin ya ce game da wanda ya haye: rabi, ko babu komai. A rubuta kuma ƙarara cewa wanda ya yi kunnen doki da shinge ya haye. Shinge 15, jimlarka 15, ka wuce.

Ɗan Baya: Yayyena, ku yi haƙuri da tambayar ƙarami. Me ya hana "kuɓuta"? A kunnena ta fi daɗi.

Magini: Tana da daɗi, ƙanena, amma tana da mai ita. Ba a kuɓuta sai an riga an shiga hannu. Idan dodo ya cafke ka, a dokokin 2014 kana kashe aikinka na wannan zagaye ka yi gwajin iyawa, ko na kokawa da Ƙarfi ko na sulɓewa da Zafin nama. Wannan kai ka zaɓi yi, kuma ya ci maka zagaye. Gwajin tsira kuwa ba ka zaɓensa, tilasta maka ake yi, kuma ba ya cin aikinka. Mu ajiye "kuɓuta" don fita daga riƙo, kada a gauraya. Inda za ka ce ta kusa dacewa shi ne sihirin da ke sandarar da mutum, wanda ake maimaita gwajin Basira a ƙarshen kowane zagayensa har ya sake shi. Ko nan ma "maimaita gwajin tsira" ya wadatar.

Tunda muna kai, ga abin da ya sa akwatin gwajin tsira a takardar jarumi ya fi yadda ake ɗaukarsa. Kowace sana'a tana ba da ƙwarewa a gwajin tsira biyu cikin shida, ɗaya daga waɗanda ake yawan kira (Zafin nama, Juriya, Basira), ɗaya daga waɗanda ba kasafai ba. Mayaƙi Ƙarfi da Juriya, matsafi Ƙwaƙwalwa da Basira, ɗan sanɗa Zafin nama da Ƙwaƙwalwa. Ƙarin ƙwarewa yana tashi daga 2 a farko har 6 a mataki na 17, shingen abokan gaba ma yana tashi, amma sauran huɗun naka suna nan inda ka bar su. Shi ya sa jarumi ke ƙara girma raminsa na ƙara zurfi.

Matsafi ne ya fi jin jiki. Sihirin da ke buƙatar natsuwa yana tsinkewa idan aka ji maka ciwo ka faɗi gwajin Juriya, shingen kuma 10 ne ko rabin ɓarnar, duk wanda ya fi yawa. An yi maka 14, shinge 10. An yi maka 26, shinge 13. Kowane bugu da nasa gwajin, kibiya uku gwaji uku. Matsafi mai Juriya 13 yana da ƙarin 1, yana haye shinge 10 kashi 60 cikin ɗari. Akwai baiwar da ke ƙara 1 a hali ɗaya ta kuma ba da ƙwarewa a gwajin tsiransa. In ya ɗauke ta a Juriya, 13 ta koma 14, ƙari ya zama 2 da 3 a mataki na 5, kashi 80 ke nan. Don haka mai wannan niyya ya bar Juriya a mara tun wajen rabon maki 27 da ake sayen halaye da su a farko: 13 tana cin maki 5, 14 tana cin 7, ka ga ya tsira da biyu.

Alƙalin Tebur: A ƙara da tarkon haɗa sana'a biyu. Sana'ar da ka fara da ita ce kaɗai ke ba ka ƙwarewar gwajin tsira. Matsafin da ya ɗauki mataki ɗaya na mayaƙi daga baya don ya samu Juriya ya yi aikin banza ta wannan fuskar. Sai dai ya fara da mayaƙi, shi kuma ya rasa ƙwarewar Basira. Wani kuskuren kuma, fuska ta 20 ba ta hayar da kai kai tsaye a nan, ta 1 ma ba ta kayar da kai kai tsaye. Wannan dokar ta gwajin hari ce. Teburori da yawa suna yin ta a matsayin dokar gida, babu laifi, amma a faɗa tun ranar farko.

Ɗan Baya: To na mutuwa fa, Yaya? A nan na ga 20 da 1 suna aiki.

Alƙalin Tebur: Shi nasa daban ne. Makin rai ya kai sifili, a farkon kowane zagayenka ka kaɗa dayis, ba ƙarin hali ba na ƙwarewa. Daga 10 zuwa sama ka haye. Hayewa uku ka daidaita, faɗuwa uku ka tafi. Fuska ta 1 faɗuwa biyu ce, ta 20 kuma ka farfaɗo da maki 1. In aka taɓa ka kana kwance faɗuwa ɗaya ce, in mummunan bugu ne biyu. Tunda dokarsa ta bambanta haka, ya kamata ya samu sunansa.

'Yar Gidan Nahawu: Gwajin sauran kwana. Wanda ya haye uku, yana da sauran shan ruwa.

Magini: Hajiya wannan kam ba gardama. A takarda sai a sa da'ira uku "da saura", uku "ya ƙare".

Mai Tattara Kalmomi: Na shigar: gwajin tsira, a taƙaice GT, jam'i gwaje-gwajen tsira. A baki: "GT na Zafin nama, shinge 15." Sakamako ya haye ko ya faɗi. Gwajin sauran kwana a layinsa daban. Malama, abu ɗaya: "gwajin tsira na Juriya" za mu rubuta ko "gwajin tsiran Juriya"?

'Yar Gidan Nahawu: Na farkon, Malam. Na biyun sai a ɗauka Juriyar ce ke neman tsira, ga shi kuma "tsiran" a rubuce tana iya karantuwa kamar tsiro.