Me ya sa iyayenmu suka ƙi ɗigon shan inna a 2003: addini ne ko siyasa?

Ɗalibar Kiwon Lafiya:

Assalamu alaikum. A makon jiya malaminmu ya kawo mana batun dakatar da rigakafin shan inna da aka yi a Kano a shekarar 2003 a matsayin misalin yadda addini yake hana mutane karɓar kimiyya. Maganar ta tsaya mini a rai, domin mahaifina yana cikin waɗanda suka hana a ɗiga wa 'ya'yansu maganin, alhali mutum ne da ba ya wasa da asibiti. Da zazzaɓi ya kama ɗayanmu, zai ɗora shi a babur sai wurin likita. Ina roƙon waɗanda suka ga lokacin da idonsu su fayyace mini ko addini ne ya jawo hakan, ko kuwa akwai abin da ba a gaya mana a aji ba.

Tsohon Malamin Makaranta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Bayanin malaminku bai cika ba, domin ya fara labarin ne daga tsakiya. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, sai kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Kimanin yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu kuma suka kurmance ko suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 ke nan ciwon bai warke ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ki haɗa wannan da yanayin da ake ciki. A watan Maris na shekarar Amurka ta mamaye Iraƙi, bayan Afganistan, kuma mutane suna jin labarin kullum a rediyo. Tun 1988 gwamnatin Babangida ta fito da manufar taƙaita haihuwa zuwa 'ya'ya huɗu ga kowace mace, saboda haka zancen hana haihuwa ba baƙo ba ne a kunnen talaka. Sannan ga tsamin dangantaka tsakanin gwamnatin Obasanjo da jihohin da suka ƙaddamar da shari'a, ga Malam Ibrahim Shekarau na jam'iyyar ANPP da ya hau mulki a Kano a 2003. Duk abin da ya fito daga Abuja da goyon bayan Turawa, da idon zargi aka dube shi.

Abin da ya kamata ki lura da shi, wanda ya fi kowa ɗaga murya, Dokta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a lokacin, likita ne. Hujjar da aka kafa ita ce maganin ya gurɓata da sinadarin hana haihuwa, kuma abin da aka nema shi ne a kai shi ɗakin gwaji. Mahaifinki bai ƙi likitoci ba, ya dai zaɓi likitan da ya fi amincewa da shi. Shi ya sa Kano ba ta dawo da rigakafin ba sai a ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, gwamna kuma ya ɗiga wa yara da hannunsa.

Ma'aikaciyar Rigakafi:

Baba, na yarda da tarihin da ka kawo, amma ina ganin ka sassauta wa masu wa'azi fiye da kima. Na yi shekaru ina shiga gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, muna shafa wa yaro tawada a ƙaramin yatsa, muna rubutu da alli a bangon zaure. Matan da suka ɓoye mana yara a bayan gado ba su taɓa jin sunan Trovan ba. Abin da suka sani shi ne maigida ya dawo daga masallacin Juma'a ya ce kada a yarda, kuma maganar da aka faɗa a kan mumbari takardar ɗakin gwaji ba ta goge ta. Wasu tsofaffin ma sun ɗauka aljana Inna ce take shanye ƙafar yaro, don haka ba su ga abin da ya haɗa ta da ɗigo biyu a baki ba.

Sakamakon ya yi muni. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiyar kanta, kuma a Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Ban taɓa mantawa da wannan rana ba.

Duk da haka akwai tambayar da wata uwa ta yi mini wadda har yau take damuna. Ta ɗaga labule ta nuna mini ɗanta kwance jikinsa kamar wuta, ta ce ta je asibiti an rubuta mata maganin zazzaɓin da ba ta da kuɗinsa, to me ya sa wannan kaɗai ake biyo ta da shi har ɗaka kyauta? Lokacin da aka fara haɗa rigakafin da sabulu da gidan sauro da duba marasa lafiya, ƙofofi da yawa sun buɗe mana ba tare da wani dogon bayani ba.

Almajirin Ilimi:

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan abokan aikinki. Ina so a bambance nassi da mai riƙe da lasifika. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla ko fita daga cikinsa. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce masa yana gudun ƙaddara sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Laifin wasu malamanmu shi ne sun yanke hukunci a fannin da ba nasu ba kafin su tabbatar, kuma kaɗan ne suka koma kan mumbarin suka warware.

Amma ta wannan ƙofar gyara ya shigo. Daga 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya haɗa kan sarakunan Arewa, hakimai da masu unguwanni da limamai suka riƙa fito da 'ya'yansu ana ɗiga musu a bainar jama'a. An ga na ƙarshen masu ɗauke da asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Abin takaici, hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin bogi a Pakistan a 2011 wajen farautar Usama bin Laden, ta ba masu zargi hujjar da suka daɗe suna nema.

Ɗalibar Kiwon Lafiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. In na je gida hutu zan zauna da mahaifina in tambaye shi wa ya saurara a lokacin, da kuma wanda ya sa daga baya ya bari aka yi wa ƙannena. Hajiya, ina neman ƙarin bayani daga gare ki: idan maigida ya ƙi amma uwar tana so, yaya kuke yi ba tare da kun jawo mata matsala a gidan aurenta ba?