Mi za mu kira "whitecap" da Hausa?

Mai fassara, Sakkwato: Salamu alaikum malamai. Ina neman Hausar whitecap, farin nan da kan ɓullo bisa igiyar teku in iska ta taso. In aka bi kalmar baki da baki "farar hula" za a ce, ga shi kuwa wanda ba soja ba ya riga ya karɓe sunan.

Malamin jogirafi: Amin, alaikumus salam. Kumfar teku ba ta wadatar ba?

Malamar kimiyyar ruwa: Ba ta wadatar ba, Malam. Kumfa kan taru a gaɓa ko iska na kwance. Wannan a tsakiyar ruwa yake faruwa: igiya ta yi tsini, kanta ya karye, ya haɗiye iska. In tsayinta ya kusa kashi 1 cikin 7 na tazarar da ke tsakaninta da mai bi mata, dole ta karye. Farin kan fara bayyana in gudun iska ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, a awon mita 10 sama da ruwa. Bisa lissafin masu bincike Monahan da O'Muircheartaigh na 1980, in gudun iska ya kai mita 10 cikin daƙiƙa farin na rufe kusan kashi 1 cikin 100 na fuskar teku, in gudun ya ninka kuma sai ya ƙaru wajen sau 10.

Malamin Hausa: Tunda muna cewa raƙumin ruwa, kansa ai tozo ne. Ina ganin "farin tozo".

Malamar kimiyyar ruwa: Ya zauna, Malam, sai dai a raba biyu. Lokacin karyewa shi ne farin tozo. Abin da ya rage yana yawo bayan igiya ta wuce, a ce "kumfar baya". Masu awo da hoto in suka gama su wuri guda, lissafi kan ruɗe, don gishiri na hana ƙwayoyin kumfa haɗewa, shi ya sa takan daɗe a teku. A dam ɗin Goronyo, ruwan daɗi ne, da ta fito sai ta mutu. Ba kuma gudun iska kaɗai ke kawo farin tozon ba: da tsawon filin ruwan da ta kaɗa a kai, da daɗewarta tana kaɗawa, da ko ruwa na gudu yana fuskantarta.

Mai fassara, Sakkwato: Madalla. Na rubuta farin tozo da kumfar baya. Awon abin da farin ya rufe na fuskar teku kuma, "yawan farin tozo"?

Malamin Hausa: "Faɗin farin tozo" dai, Malam. Fili ake aunawa, ba ƙidaya ake ba.