Lauyan kuɗin kamfe: ta ina ake farawa?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. Ina gab da gama makarantar horas da lauyoyi, kuma hankalina ya karkata ga dokokin kuɗin yaƙin neman zaɓe. Akwai aikin da zai riƙe lauya a wannan fanni a Najeriya, ko sai kakar zaɓe ta zagayo? Me zan fara karantawa?

Barista Zazzau:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Aiki akwai, amma yawancinsa a kan tebur ake yinsa, tsakanin rasidai da takardun banki. Ki fara da sashe na 221 zuwa 226 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, sannan sashe na 85 zuwa 90 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita.

Sashe na 88 na dokar 2022 ya ƙayyade iyakar abin da ɗan takara zai kashe: shugaban ƙasa Naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma a Abuja miliyan 30, kansila a Abuja miliyan 5. Dokar ta kuma hana mutum ɗaya ba ɗan takara fiye da miliyan 50. A dokar 2010 iyakar shugaban ƙasa biliyan 1 ce kacal, don haka duk gyaran da majalisa ta yi, ki nemo sabon kwafi kafin ki ba kowa shawara.

Wa'adi ne ke kayar da jam'iyyu. A dokar 2022, an tanadi a kai rahoton gudummawar da aka karɓa ga INEC cikin wata 3 bayan bayyana sakamako. Rahoton abin da aka kashe kuwa wata 6 ne bayan zaɓe, da sa hannun masu binciken kuɗin jam'iyya da na shugabanta, haɗe da takardar rantsuwa, kuma a buga shi a jaridun ƙasa aƙalla biyu. Kuɗin da aka turo wa jam'iyya daga ƙetare dole a miƙa wa INEC cikin kwana 21.

Akanta Mai Bincike:
Barista ya gama magana kan doka, bari in ƙara ɓangarenmu. Malama, ki koyi karanta littafin shige da ficen kuɗi, domin rahoton da ba shi da rasidi a bayansa ba ya tsayuwa gaban mai bincike. Inda aka fi samun matsala shi ne gudummawar kaya. Wani ya ba da motoci, wani ya biya kuɗin talla a rediyo, wani ya bayar da gidansa a yi ofishin kamfe, ba wanda ya rubuta, alhali duk sai an ƙiyasta su da Naira. Ki sa a buɗe asusun kamfe daban, a naɗa mutum ɗaya mai sa hannu, a riƙa rubuta suna da adireshin mai bayarwa a ranar da ya bayar. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana jam'iyya karɓar gudummawar da ba a san mai ita ba.

Abu biyu da attajirai ke yawan mantawa. Sashe na 43 na Dokar Kamfanoni ta 2020 ya hana kamfani ba jam'iyya kyauta, kuma jami'an da suka amince su ne za su mayar da kuɗin. Sannan dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5, kamfani miliyan 10, sai ta banki. A Dokar Zaɓe ta 2022 kuma, akantan da ya ƙirƙiri rasidin bogi an tanadar masa tarar miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyun.

Lauyar Abuja:
Ni dai, 'yar uwa, ba zan ce ki dogara da wannan fanni shi kaɗai ba. A dokar 2022, hukuncin ɗan takarar da ya zarce iyaka tarar kashi 1 cikin 100 na iyakar ne, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Ga mai neman gwamna miliyan 10 ke nan, kuma da wuya a gurfanar da wani. Abin takaici ne, kuma shi ya sa 'yan siyasa ba sa gaggawar biyan lauya don kiyaye wannan doka. Ki duba 2022, da fom ɗin takarar shugaban ƙasa ya kai miliyan 100 a APC da miliyan 40 a PDP, ƙungiyoyi suna cewa su suka saya wa iyayen gidansu. Tushen irin wannan kuɗin ya cancanci a bi shi da gaske.

Ki haɗa shi da shari'ar zaɓe. Ƙarar zaɓen fidda gwani kwana 14 ne, ƙarar sakamako kwana 21, kotun farko tana da kwana 180, kuma wanda ya makara da yini ɗaya ya rasa. Ki nemi ofishin lauyan da ke irin waɗannan ƙararraki tun lokacin bautar ƙasa, ko sashen shari'a na INEC, ko sashenta mai sa ido kan jam'iyyu, ko ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke sa ido kan zaɓe irin su Yiaga Africa da CDD. Ki kuma yanke shawara da wuri: in kika zama lauyar jam'iyya ɗaya, zai yi wuya a yarda da ke a aikin sa ido daga baya.

Ɗalibar Shari'a:
Allah ya saka da alheri. Malam Akanta, wane kwas na lissafin kuɗi ne zai wadatar da lauya, ko sai na yi jarrabawar ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, gaba ɗaya?