Wa kuka fara faɗa wa da dabarar sana'a ta zo muku?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah waɗanda suka taɓa fara wani sabon abu ku ba mu labari. Ina son in riƙa haɗa garin kunun tsamiya a leda wanda ruwan zafi kawai za a zuba, amma na rasa, in yi shiru har sai ya kankama ne ko in fara neman shawara tun yanzu?

Mai turaren wuta, Kaduna: Wslm 'yar uwa. Ni wallahi abin da ya kusa kashe nawa baki ne. Ranar da na faɗa a gidan suna wata ta ce ai turare sai 'yan Maiduguri, wata ta ce kasuwar ta cika, na dawo gida jikina duk ya mutu, na daɗe ban ko kalli kwalaben ba. Mamata ce kawai ta ce yi kaɗan mu gani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu son ki da gaske.

Mai ɗinkin jaka, Zinder: Gaskiya ne Hajiya, amma ɓoyon ma in ya yi yawa matsala ne. Ni na farkon da na ɗinka maƙwabta na ba su riƙe, su suka nuna min hannun yana tsinkewa tun kafin in zuba jari a fata. Ki dama kunun ki ba mutane su sha su faɗi gaskiya, ma'aunin haɗin ne sirrinki.

Mai shago, kasuwar Singa: Tunda abin ci ne ki sa lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a lissafi, manyan shaguna suna tambaya. Sunan kuma ki yi masa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da wuri, sai dai ki sani sunan kasuwancin suke yi wa rajista, ba za su hana wani yin irin garinki ba.

Mai kiwon kaji, Zariya: Ba wanda ya ambaci bashi! Nawa da kuɗin adashe na fara, dangi suka dinga ɗauka sai ƙarshen wata, zagaye na biyu kuɗin abincin kajin ma ya gagare ni. Har yau abin yana min ciwo. Anti ki raba kuɗin sana'a da na cefane tun ledar farko.

Mai tambaya: Na gode sosai, Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allah zan kai gero niƙa, mudu biyu zan fara. Mai shago, ledar da ake liƙewa da inji a ina ake samunta da sauƙi a Kano?