Wai da gaske cikin birnin Kano ne ke naɗa gwamna?

Ɗan_Kurmi:
Assalamu alaikum. Masana siyasa, a warware mini. Kullum ana cewa duk wanda ya ci ƙwaryar birni ya ci Kano. Gaskiya ne ko zancen sojojin baka ne a rediyo? Kuma me ya sa mutanen birni suke yi wa wata jam'iyya ruwan ƙuri'u a zaɓen shugaban ƙasa, bayan 'yan makonni su juya mata baya a na gwamna?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Rabin gaskiya ne. Idan an ce birni da kewaye, ƙananan hukumomi 8 ake nufi daga cikin 44: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Nan jama'a suka fi cunkoso, nan ake tara ratar ƙuri'a mai kauri. Amma tsarin mulki bai tsaya kan yawan ƙuri'a kaɗai ba. Dole ɗan takarar gwamna ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a biyu bisa uku na ƙananan hukumomi, wato 30 a Kano. Ko ka cinye takwas ɗin nan tas, kana buƙatar wasu 22 a karkara.

Tambaya ta biyu kuwa, shi ne abin da ake kira wake da shinkafa. A 2011 Buhari ya ci Kano a CPC, amma Kwankwaso na PDP ya ci gwamna. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 Buhari na APC ya samu 1,464,768, Atiku na PDP 391,593. Da aka zo zaɓen gwamna sai Abba Kabir Yusuf na PDP ya samu 1,014,474, Ganduje na APC 987,819 a zagayen farko. Mutanen dai su ne, katin shi ne. Mutum suke bi, jam'iyya riga ce kawai.

Hajiya_Tarauni:
Malam ya yi daidai, sai dai abin ya samo asali tun kafin Buhari. Birnin nan gidan adawa ne tun da aka kafa NEPU a 1950. A 1979 PRP ta Malam Aminu Kano ta kawo Abubakar Rimi. Da jam'iyyar ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, Rimi ya koma NPP, sai ga Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a 1983. A 2003 kuma Shekarau na ANPP ya kayar da Kwankwaso yana kan kujera. Bakano ba ya jin nauyin sauke mai mulki.

Kuma kada a ɗauki birnin a matsayin abu guda. Cikin ganuwa akwai tasirin masarauta da malaman ɗariƙu, Sabon Gari da ke Fagge tana da nata ra'ayin, unguwannin Kumbotso da Ungogo kuma cike suke da matasa da sababbin zuwa waɗanda farashin abinci da kuɗin makaranta suka fi damu.

Malam_Lissafi:
Haka ne, Hajiya. Bari in ƙara inda ake yin asara, don ba a rumfa kaɗai ake faɗuwa ba. Sakamakon rumfa ana rubuta shi a fom EC8A, a kai mazaɓa a haɗa a EC8B, ƙaramar hukuma EC8C, jiha EC8D. Kano na da mazaɓu 484. Idan aka soke rumfuna saboda rikici ko aringizo, kuma yawan masu zaɓe a wuraren ya fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, INEC za ta ce zaɓe bai kammalu ba. Abin da ya faru ke nan a 2019: rata 26,655 ce, sakamakon mazaɓar Gama a Nassarawa ya lalace, aka sake zaɓe ranar 23 ga Maris, Ganduje ya ƙare da 1,033,695, Abba 1,024,713. Rumfunan birni masu jama'a ne, soke kaɗan daga ciki ya isa ya haɗiye rata.

Wakilin_Rumfa:
Akwai kuma batun hatimi, wanda wakilai ke rainawa. A 2023 INEC ta ba Abba na NNPP 1,019,602, Gawuna na APC 890,705. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare masa 165,663 saboda takardun ƙuri'ar ba su da hatimi ko sa hannu ko kwanan wata, sai da Kotun Ƙoli ta dawo masa da su ranar 12 ga Janairu, 2024. Don haka wakili ya duba bayan kowace takarda kafin a miƙa wa mai zaɓe, ya kwatanta adadin mutanen da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta tantance da ƙuri'un da aka ƙirga, ya sa hannu a EC8A, ya karɓi kwafinsa, sannan ya raka akwati har wurin tattara sakamako na mazaɓa.