Gidan haya mai kariya a New York: akwai shi ko labari ne?

Ɗan Kumasi: Salamu alaikum jama'a. Ni fa na gaji da shawarar da ake ba sababbin zuwa wai su nemi gidan da gwamnati ta ƙayyade hayarsa. Ɓata lokaci ne wallahi. Kariyar nan a takarda kawai take, mai gida in ya ga dama ya ƙara, in ya ga dama ya ce ka tattara. Mutum ya samu ɗaki wajen ɗan'uwa ya lallaɓa kawai.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Haba Alhaji, kar ka sa yara su yi sake. Shekarata 11 a bene ɗaya a Bronx, duk lokacin da haya za ta ƙare takardar sabuntawa zuwa take har gida, kuma ba mai gida ke yanka ƙarin ba, kwamiti ne na mutum 9 da magajin gari ke naɗawa, su zauna a watan Yuni su yanke. Wanda ya fara Oktoban 2024 kashi 2.75 ne na shekara ɗaya, 5.25 na shekara biyu. Na 2025 kuma 3 da 4.5. A 2015 da 2016 ma zamanin magajin gari de Blasio ko sisi ba a ƙara wa masu shekara ɗaya ba.

Ɗan Kumasi: Hajiya ni ba labari na ji ba, a kaina aka yi. Na yi shekara uku a irin wannan benen a Harlem, duk wata ina miƙa dala 700 a hannu, ban taɓa latti ba. Rana ɗaya aka ce ina da sati biyu. Cikin sanyin Janairu na kwashe kayana a baƙaƙen ledojin shara, ina jan katifa a matakala. Ina kariyar take a ranar?

Baba Direba: Ɗana tsaya. Sunan wa ke kan takardar hayar?

Ɗan Kumasi: Na wani ɗan garinmu ne, shi ya koma gida ya mayar musu da makulli.

Baba Direba: To ka gani. Kai ba ɗan hayar mai gida ba ne, ɗan hayar ɗan haya ne. Haƙƙin sabuntawa na wanda sunansa ke takarda ne kuma yake zaune a ciki, sai iyalinsa da suka zauna tare da shi shekara biyu su ma suna iya gada. Abin da ka ce yara su yi, su raɓe a ɗakin ɗan'uwa, ai shi ne ya kayar da kai. Kuma ko a hakan ma ka yi gaggawa, wanda ya kwana 30 a gida ba a canza masa makulli sai an bi ta kotu, mashal, wato jami'in da ke zartar da umarnin kotu, shi ke fitar da mutum ba mai gida ba.

Ɗan Maraɗi: Baba ka yi haƙuri amma ni ina bayan Ɗan Kumasi ta wani gefen. Eh dokar na aiki, amma ga wanda ya riga ya shiga. Gidajen nan kusan miliyan ɗaya ne, sai dai wa ke fita? Ƙidayar 2023 ta nuna kashi 1.4 kacal na gidajen haya ne babu kowa ciki. In ma ka samu sai a ce kuɗin shigarka na shekara ya ninka hayar sau 40, wato gidan 1,800 sai ka nuna 72,000 a rubuce, ga maganar kiredit, wato tarihinka na biyan bashi, to mai kai abinci a keke da ya zo bara ina zai samo wannan don Allah.

Maman Khalifa: Wannan kam gaskiya ne, ban musa ba. Amma wuya daban, babu daban. Ku riƙa duban tsofaffin benaye, wanda aka gina kafin 1974 mai ɗauke da gidaje 6 zuwa sama. Ni ƙararrawar ƙofa nake ƙirgawa ko akwatunan wasiƙa in na shiga. Akwai jerin gine-ginen a intanet kyauta.

Baba Direba: Hajiya a ƙara da cewa jerin nan gini yake nunawa, ba ƙofa ba. Kafin dokar 2019 masu gida sun fitar da ɗakuna da yawa daga tsarin in haya ta kai wani mataki, shi ya sa za ka ga maƙwabcinka na ciki kai kana waje a hawa ɗaya. Da ka sa hannu ka nemi tarihin hayar gidan daga HCR, hukumar gidaje ta jihar New York, nan za ka ga abin da na gabanka ya biya. Wani a masallacinmu ta haka ya gano ana cajinsa fiye da ƙa'ida.

Ɗan Kumasi: Ya gano sai me? Ya kai mai gida kotu? Mutanenmu da rabi takardunsu ba su kammala ba, wa zai kai kansa kotun gidaje da ke titin Grand Concourse ya tsaya gaban alƙali.

Maman Khalifa: Tun 2017 birni ke ba mai ƙaramin ƙarfi lauya kyauta in an kai shi ƙarar tashi, kuma ba a duba takardar zama. 311 za ka kira, lambar neman taimako ta birni. Kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa ma yanzu hayar wata ɗaya ce tak, sannan daga Yunin 2025 wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa.

Ɗan Maraɗi: Na dillali kam har yau wasu na karɓa ta bayan fage, sun canza masa suna ne kawai. Ni namu gida uku ne a ginin, mai shi na zaune a ƙasa, kenan ba mu ciki ko?

Baba Direba: Ba ku ciki. Har sabuwar dokar 2024 mai hana kora ba dalili ta tsame ƙananan masu gida irin naku. Ka ci gaba da gaishe shi da kyau, ka kuma cike Housing Connect, shafin birni na neman gidaje masu sauƙin haya, kana jira.

Ɗan Kumasi: Shekara huɗu ina cikewa Baba.