Neman kalma: giyar da ba a zuba mata yis

Ladi: Jama'a ku taimaka, gobe ƙarfe goma zan shiga situdiyo. Ina fassara rahoto kan masu dafa giya a gida irin ta Beljiyam, tunda hukumar UNESCO ta saka al'adar giyar ƙasar cikin kayan gado a 2016. Ta alkama ba matsala, na ce farar giyar alkama, irin ta garin Hoegaarden da Pierre Celis ya farfaɗo da ita a 1966, mai ɓawon lemu a ciki. Inda na maƙale shi ne lambik, ita ba a zuba mata yis, ana juye dafaffen ruwan hatsin a faffaɗan kasko a bar shi a buɗe ya kwana lokacin sanyi, ƙwayoyin da ke cikin iska su faɗa, sannan a ɗura a ganga shekara 1 zuwa 3. Me zan kira wannan aikin?

Habu: Ruɓewa.

Ladi: Haba Yaya Habu, mai sauraro zai ɗauka ta lalace ne.

Malam Sani: Tsimuwa. An tsima, ya tsimu, ga tsimi nan kowa ya sani. Ki ce tsimuwa da kanta.

Danjuma: Ni na daɗe ina cewa tashin iska, don ƙullu tashi yake yi, kuma nan iskar kwarin kogin Senne ce kusa da Brussels, babban birnin Beljiyam, ke tayar da shi, har ɗaya daga cikin ƙwayoyin sunan birnin aka sa mata. Kalma biyu kacal, ta faɗi komai.

Habu: Tashin iska ai guguwa ce, wani ma iskokai zai ji.

Danjuma: In aka yi ta faɗa a rediyo zai zauna, haka jirgin sama ya zauna.

Malam Sani: Ni abin da ke damuna ma wannan yis ɗin ne, kullum sai aro kamar ba mu da harshe, kuma ku mutanen Jos ku ne kan gaba wajen cusa Turanci.

Ladi: Malam da girmanka, kakata burkutu take dafawa da tsiron dawa, da Hausa take sana'arta tun kafin a haife ni, ba sai an zo daga Kano an koya mana ba. Kuma mai burodi a Fagge ma yis yake cewa.

Malam Sani: Ban ce Kano ba 'yata. Amma yisti ne a rubuce.

Hajara: Ni dai giya haramun ce a wurina, fassara kawai nake tayawa. Tsimi jiƙo ne, ba dole ya yi tsami ba, to tsimuwa ta ɗan kauce. Bammi ma ba a zuba masa komai, shi yake ƙarfi da kansa in ya kwana, ki kawo shi misali jimla ɗaya an gane.

Danjuma: Bammi kwana ɗaya ne, wannan kuwa har tsohuwa da sabuwa ake haɗawa a kwalba ta sake tashi, shi ya sa nake cewa tashi.

Ladi: To ga abin da na rubuta: lambik, giya mai tsami wadda ke tsimuwa da kanta ba tare da an zuba yis ba, kamar bammi. Ya yi tsawo amma lokaci ya ƙure.

Malam Sani: Yisti dai.

Danjuma: Ki saka tashin iska ko sau ɗaya ne mana, mu ji abin da masu kira za su ce.

Ladi: Zan tambayi edita da safe.